Bindiga a Hannun Wa? Tambayoyi da Amsoshi kan Makamai da Doka a Jihar Maraɗi

Duk inda maganar tsaro ta tashi a Maraɗi, ko a majalisar shayi, ko a motar Madarumfa, ko a shirin rediyo na kiran waya, ba a daɗewa jama'a ta rabu biyu. Wasu su ce a bar talaka ya riƙe bindiga tunda askarawa ba za su kwana a kowane ƙauye ba. Wasu su ce yawan bindigar ne ya kawo mu inda muke, a kwashe ta gaba ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi jefowa a irin wannan gardama. Amsoshin ba sanarwar hukuma ba ce, kuma inda nake da ra'ayi na faɗe shi a fili.

Shin doka ta yarda farar hula ya mallaki bindiga a Nijar?

Ta yarda, amma da izini, kuma izinin abu ne da hukuma ke iya bayarwa, ta hana, ko ta janye. Ma'aikatar cikin gida ce ke da wuƙa da nama a kai. Mai nema ya kai takardunsa, a binciki halinsa, in an gamsu a ba shi takardar da ta shafe shi shi kaɗai da bindigar da aka rubuta lambarta. Ba a aron ta, ba a gadon ta kamar gona. Makamin yaƙi irin su kalash ba ya cikin wannan lissafi. Farar hular da aka kama da shi, maganar gidan kaso ce.

Ginshiƙin tsarin wata doka ce ta 1963, zamanin Diori Hamani, wadda aka rubuta domin bindigogin farauta da na wasan harbi. An yi ƙare-ƙare daga baya a kundin hukunta laifuka, amma gangar jikin tana nan. Don haka masu cewa a gyara doka suna da hujja tun kafin a shiga gardama: waɗanda suka rubuta ta ba su san babur mai ɗauke da mutum uku da kalash uku ba.

To in doka ta hana, daga ina kalash ke shigowa?

Hanyar da kowa ya sani ita ce ta Libiya. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makamanta suka zama na mai ƙarfi, kaya suka riƙa gangarowa ta mashigar Salvador da sauran hanyoyin sahara zuwa yankin Agadas, daga nan su yi kudu. Amma ɗora wa Libiya komai ya zama hanyar hutu ga masu jawabi. Kafin 2011 akwai ragowar makaman tawayen arewa na shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009, da waɗanda yaƙe-yaƙen Chadi suka watsa. Bayan 2011 kuma wata ƙofa ta buɗe wadda ba a son ambatonta: makaman gwamnatocin yankin su kansu. Duk barikin da aka afka wa a Mali, Burkina Faso, Nijar ko Najeriya, bayan rayukan da aka rasa akwai bindigogi da akwatunan harsashi da suka canza hannu. Ga kuma ɓata-garin da ke sayar da abin da aka ba su amana.

Maraɗi a wannan ciniki galibi mashiga ce. Makami ya bi ta kanmu ya yi Zamfara da Katsina da Sakkwato, sannan wani ɓangarensa ya juyo mana da dare. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, daga birnin Maraɗi zuwa birnin Katsina kuma bai cika kilomita 100 ba. Wanda ya san yankin Ɗan Isa ya san hanyar kwalta guda ce, hanyoyin babur da amalanke kuwa ba su ƙirguwa. Bindiga ana kwance ta a cusa cikin buhun hatsi, harsashi kuma ko a jarkar manja yana tafiya.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Madarumfa da Gidan Rumji?

Daji da iyaka. Dajin Baban Rafi yana haɗe da dazuzzukan da ke ƙetaren iyaka, inda ɓarayin daji suka kafa sansani tun shekaru. Su shigo, su kora shanu ko su ɗauki mutum, kafin gari ya waye sun koma wata ƙasa. Tun wajen 2018 abin ya tsananta a wannan gefe, a 2019 kuma dubun dubatan 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Chadakori, nesa da bakin iyaka. Rundunar Farautar Bushiya an kafa ta ne saboda wannan matsala.

Wanda ke zaune a birni yana jin abin a matsayin labari. A ƙauyen bakin iyaka kuwa tsarin kwana ne ya canza. Saniyar noma da a da ake ɗaurewa a turke bayan gida, yanzu tana kwana a tsakar gida kusa da ɗakin mai gida. Ana gama sallar isha a rage hira. Waya tana ƙarƙashin matashi, a kashe ƙararta. Kare ya yi haushi sau biyu, kowa ya farka yana saurare ko ƙarar babur ce. Wanda yake da ɗan hali, wanda ya sayar da wake ko ɗansa ya aiko da kuɗi daga ci-rani, shi ne ya fi rashin barci, don ya san akwai mai kai labari.

Me zai hana a bar kowa ya sayi bindiga ya kare kansa?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma mai yin ta ba wawa ba ne. Manomi ya tsaya gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, in sun zo da dare wa zan kira? In na kira, ƙarfe nawa za a iso?" Duk wanda ba shi da amsar wannan bai kamata ya yi masa wa'azin bin doka da ɗaga murya ba. Ɓarawo bai nemi izinin kowa ba kafin ya rataya kalash. A aikace dokar tana ɗaure hannun mai gaskiya ne kawai. Hujjar masu son a ba da makami ke nan, kuma hujja ce mai nauyi.

Sai dai maƙwabtanmu sun riga mu gwada wannan magani, muna kuma ganin yadda jikinsu ya karɓe shi. A Zamfara, da satar shanu ta yi yawa, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai. Da farko an ji daɗi. Daga baya aka fara kama mutum a kasuwa a yanke masa hukunci nan take don kawai kamanninsa ko don wani ya nuna shi. Dangin wanda aka kashe suka shiga daji, suka sayar da shanu suka sayi makami, abin da ya fara da sata ya koma ramuwar gayya gari da gari. A Afrilun 2014 an kashe fiye da mutum 100 a 'Yar Galadima, a wurin taron 'yan banga. Bayan shekaru, gwamnan Katsina Aminu Bello Masari a 2021 da gwamnan Zamfara Bello Matawalle a Yunin 2022 duk sun fito sun ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Hare-hare ba su tsaya ba.

A cikin gida ma muna da darasi. A Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu, a jihar Tilaberi, ya jagoranci 'yan sa-kai na yankinsa suka fita neman maharan da suka addabe su. Aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu, har da shi. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne horo, labarin inda abokin gaba yake, da wanda zai kawo ɗauki. Burkina Faso kuma ta yi dokar ɗaukar 'yan sa-kai a 2020, ta ba dubbai makami. Sun riƙe wasu garuruwa, gaskiya ne, amma garin da aka san yana da su ya zama abin hari na musamman, kuma zarge-zargen kisan fararen hula sun biyo baya.

Akwai lissafin aljihu da ba a cika yi ba. In an ce kowa ya saya, wa zai iya? Manomin da ke auna hatsi da tiya kafin kaka ba zai sayi kalash ba. Mai kuɗi ne zai saya, ya ɗauki samari ya ba su. Ranar da ɓarayi suka ja baya, waɗannan samari da makamansu suna nan, ga rikicin gona, ga rikicin sarauta, ga zaɓe. Bindigar da aka saya don ɓarawo ba ta san ranar da aikinta ya ƙare ba.

Ra'ayina shi ne a'a, kada a buɗe wannan ƙofa. Amma hukumar da ta ce a'a ta ci bashi: dole ta amsa tambayar manomin nan ta "ƙarfe nawa za a iso".

Amma ai akwai ƙauyukan da suka kori ɓarayi da kansu?

Akwai, kuma babu mai raina su. In ka duba da kyau, abin da ya fi cetonsu shi ne shiri: masu gadi da ke juyi, fitila, usur ko ganga, waya tsakanin ƙauye da ƙauye, da lambar shugaban askarawan da ke kusa wanda yake ɗauka in an kira. Ɓarawon daji yana son ya samu gari yana barci. Inda nake ganin layi shi ne tsakanin gadi da farauta. Tsare bakin gari abu ne guda. Hawa babura a bi mutane ruga ko kasuwa don a hukunta su, nan ne Zamfara ta zame.

Bindigar maharba da ta maƙera fa, ita ma a kwashe?

Wanda ya taɓa ganin ana ɗura bindigar toka ya san ba ita ce matsalarmu ba. A zuba albarushi ta baki, a tura tsumma, a daddaƙa da sanda, a zuba 'yan ƙarafa, a sake toshewa, sannan a ɗana. Harbi ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, sai a sake daga farko. Ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. Kafin mai ita ya sake ɗuri, mai kalash ya zazzage harsashi 30 ya sake loda wasu.

Duk da haka kada a yi sakaci. Maƙeran yanzu a wasu sassan Afirka ta Yamma suna ƙera bindigogin da ke cin harsashin kanti, har da ƙanana na sakawa a aljihu, kuma waɗannan su ne na fashi a cikin gari. Abin da ya dace shi ne rajista mai sauƙi a kusa da gida: mai gari da sarkin maharba su san wa ke da me, a buga wa kowace lamba, maƙeri ya riƙe littafin wanda ya yi wa aiki. In aka ce tsohon maharbi sai ya bi takarda har Yamai, ba zai je ba, kuma an mayar da shi mai laifi a banza.

Muna jin Amurkawa na gardama kan bindiga kullum. Irin tamu ce?

Ta sha bamban. A Amurka riƙe makami haƙƙi ne da aka rubuta a tsarin mulki tun 1791, shi ya sa ko ƙaramin gyara sai an kai ruwa rana a majalisa da kotu. An ƙiyasta fararen hular ƙasar na riƙe da bindiga kusan miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi a can. Gardamarsu a kan bindigar da aka saya a kanti ce bisa doka: wa za a sayar wa, a wace shekara, bayan wane bincike. Tamu a kan wadda ba ta taɓa ganin takarda ba ce.

Abu guda daga can ya cancanci mai son ajiye bindiga a ɗaka ya yi tunani a kai. Fiye da rabin waɗancan mutum 48,830 su suka harbe kansu. Ga kuma yaran da ke tsintar ta ƙarƙashin katifa, da faɗan miji da mata da a da zai ƙare a gidan surukai. Bindigar gida ta fi kwana kusa da mutanen gida fiye da kusa da ɓarawo.

Ƙasashen da suka karɓe bindigogi suka ga sauƙi fa? Me zai hana mu kwaikwaya?

Misalan gaskiya ne. Ostireliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta hana wasu nau'o'in bindiga ta kuma saye kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Birtaniya ta hana ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane. New Zealand ta canza dokarta cikin makonni bayan an kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Maris 2019. Sai dai duka ukun teku ne ya kewaye su, kuma in ka kira 'yan sanda suna zuwa. A nan, in aka ce za a biya kuɗi kan kowace bindiga alhali iyaka a buɗe take, an buɗe wa dillalai sabuwar kasuwa ke nan: su kawo tsofaffi su karɓi kuɗi su sayo sababbi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Mozambik, inda bayan yaƙin basasa, tun daga 1995, aka riƙa karɓar bindiga ana ba mutum keke, keken ɗinki, fartanya ko kwanon rufi maimakon kuɗi. Mu ma muna da namu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, an tara makaman tsofaffin 'yan tawaye aka cinna musu wuta a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. A lura da jerin: sulhu ya fara, ƙona makamai ya biyo. Ba wanda ke miƙa makami yana jin ƙarar babura a bayan gari.

A yi sulhu da su mana, su ajiye makamai?

An gwada a ƙetare, ba sau ɗaya ba. Katsina ta yi a 2016 ta sake a 2019, Zamfara ma ta yi a 2019. Aka ɗauki hotuna, aka miƙa 'yan bindigogi, aka saki fursunoni, aka samu 'yan watanni na sauƙi, sannan aka koma gidan jiya. Masari da kansa ya fito daga baya ya ce an ci amanarsa. Dalilin a bayyane yake. 'Yan tawayen arewa suna da shugabanni da buƙatun da za a rubuta a takarda. Ɓarayin daji kuwa daba-daba ne, ka sasanta da wannan, na gefensa bai san zancen ba, kuma sana'ar tana kawo kuɗin da babu shirin gwamnati da zai biya irinsa. Ƙofar tuba ga yaron da aka ja ko wanda ya gaji, wannan a bar ta a buɗe. Sulhun da zai bar jagora da makamansa a daji, hutun damina ne kawai.

To in ba a raba bindiga ba, ba a saye ta ba, ba a yi sulhu ba, ina za a kama?

A harsashi. Kalash da aka ƙera shekara 40 da suka wuce yana nan yana aiki in ana shafa masa mai. Waɗanda suka riga suka shigo za su daɗe tare da mu, ko an so ko an ƙi. Harsashi kuwa ci ake yi ya ƙare. Duk harin da aka kai, sai an sake sayowa, sai wani ya ɗauko, sai ya bi wata hanya, sai wani ya kau da kai. Maƙerin ƙauye ba ya iya ƙera shi. A gindin kwanso galibi akwai tambarin da ke nuna masana'anta da shekara, akwatin kuma yana da lambar rukuni. Wato harsashi yana da asali, ana iya bin sawunsa har a gano rumbun da ya ɓalle.

Wannan yana nufin aiki marar armashi wanda ba ya shiga labarai: ƙirga harsashin kowane bariki da ofishin jandarma, rubuta wanda ya karɓa da wanda ya dawo da shi, tsince kwanson da aka bari bayan hari maimakon yara su kwashe suna wasa, da hukunta mai kaki da aka kama yana sayarwa fiye da yadda za a hukunta ɗan aike. Sau da yawa muna ganin an baje makaman da aka kama a gaban manya, an ɗauki hoto. Tambayar da ya kamata ɗan jarida ya riƙa yi ita ce ta bayan hoton: an rubuta lambobinsu? Suna ina yanzu? Yaushe za a lalata su a gaban jama'a?

Sai kuɗin da ke sayen harsashin. Shanun sata ba a daji ake cinye su ba, kasuwa suke shiga, a loda su a mota. Dillalin da ya karɓi saniya a rabin kuɗinta bai tambayi mai ita ba, da mai kai mai a jarka, da mai kai labarin wanda ya sayar da amfanin gona, duk suna cikin garuruwanmu suna sallah a sahu ɗaya da mu. Waɗannan sun fi sauƙin kamawa a kan mutumin da ke tsakiyar daji, in har alƙali zai riƙe su kuma mai shaida zai kwana lafiya.

Rufe iyaka, hana babura da katse layin waya ba sa taimakawa?

Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. 'Yan kasuwar Maraɗi sun ji a jikinsu, ɓarayi kuwa da ma ba ta gaban duwan suke wucewa ba. Zamfara ta katse layukan waya a Satumban 2021, ta rufe kasuwannin dabbobi, ta hana sayar da mai a jarka. An takura su na ɗan lokaci, wasu suka matsa zuwa maƙwabta, talaka kuma ya rasa hanyar kiran ɗauki. Hana babura an yi shi a Difa da Tilaberi. Irin wannan mataki yana da amfani in gajere ne kuma akwai farmakin da yake rufa wa baya. In ya daɗe, ɗan kabu-kabun da aka raba da abincinsa ya zama wanda daji ke zawarci.

Ba Fulani ba ne ke riƙe da makaman nan?

A cikin ɓarayin akwai Fulani, akwai Hausawa, akwai wasunsu, masu kai musu labari da masu sayen kayan sata kuma galibi 'yan gari ne. Makiyayi shi ne farkon wanda aka fara kora wa garke. Wannan tambaya tana da haɗari a jihar da ta ga Toda. A Oktoban 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a wannan gari na ƙasar Gidan Rumji ya ci fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. A lokacin kalash bai zama ruwan dare a karkara ba. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar, da shata burtali da mashaya da aka yi a sassan jihar, suna cikin abin da ya sa irin wannan bai zama na kowace kaka ba. Duk burtalin da aka nome, duk ɓarnar gonar da aka yanke wa tara ta zalunci, kasuwa ce aka buɗe wa mai sayar da bindiga.

Me addini ya ce?

Kowane ɓangare yana da nassin da yake jawowa. Masu son makami suna kawo hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma ingantacce ne. Kare kai halal ne, babu jayayya. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, ya kuma ce wanda ya ɗauki makami a kanmu ba ya cikinmu. Malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina. Wannan hukunci na ƙarshe ya kamata a riƙa jin sa a huɗubar Juma'a fiye da yadda ake ji, don ya shafi dillali da ɗan aike kai tsaye.

Fitarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta shafi wannan magana?

Ta shafa. Yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta hana shigo da makami sai da sahalewar ƙungiyar, ta wajabta buga lamba da ajiye rajista. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala fita a Janairun 2025, don haka ya rage wa AES, ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa, da dokokin cikin gida su cike wannan gurbi. Nijar tana cikin yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2015, kuma tana da hukumarta ta tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. Ga Maraɗi dai, abin da ya fi kowace takarda shi ne ko jami'in wannan gefe yana da lambar na wancan gefe. A Satumban 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun zo nan Maraɗi sun zauna da gwamnan jiha kan tsaron iyaka. Siyasar Yamai da Abuja tana hawa tana sauka, amma Jibiya, garin bakin iyaka na gefen Katsina, ba za ta matsa daga inda take ba.

In za a gyara dokar, me ya kamata ta ƙunsa?

Ta bambanta masu laifi. Tsohon da ya gaji bindigar toka, manomin da tsoro ya sa ya ɓoye makami, mai safarar harsashi, da ma'aikacin da ya sayar da na gwamnati, bai kamata ma'auni ɗaya ya hau kansu ba. Na ƙarshen nan biyu su ne za a tsananta wa. Ta sauko da rajistar bindigogin gargajiya zuwa gunduma da ƙaramar hukuma. Ta faɗi a sarari abin da masu gadin ƙauye za su iya yi da wanda ba za su iya ba, wa ke rubuta sunayensu, wa suke amsa wa, kuma a sa makiyaya a cikinsu, kada su zama rundunar ƙabila guda. Ta tilasta lalata makaman da aka kama cikin wa'adi. Sannan ta rubuta kariya ga mai miƙa makami da kansa, da harshen da za a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci kowa ya gane. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta ware watan Satumba na kowace shekara don irin wannan miƙawa ba tare da tuhuma ba, amma mutumin ƙauye ba zai yarda da abin da bai ji daga bakin mai garinsa da perfe, shugaban gunduma, ba.

Na tsinci bindiga ko harsashi a gona, ko wani nawa ya mutu ya bar ta. Yaya zan yi?

Kada ka ɗauka ka hau babur da ita zuwa gari. A shingen farko kai ne mai laifi, kuma bayani a wurin yana da wuya. In tsintuwa ce, bar ta inda take, ka hana yara zuwa wurin, musamman in abin ya yi kama da gurneti ko wani ƙarfe da ba ka gane ba. Je ka gaya wa mai gari, ku kira jandarma ko askarawan da ke kusa tare, su zo su ɗauka da kansu. In ta gado ce, hanyar ɗaya ce: mai gari ya shiga gaba, a miƙa da shaidu. Ka roƙi a ba ka takardar da ke nuna ranar da aka karɓa, irin makamin da lambar da ke jikinsa, ka adana ta tare da takardun gonarka.